Ranar hutu a Dubai ba asara ba ce, in dai waya ba ta cinye ta ba

Duk wanda ya taɓa zuwa yawon buɗe ido a manyan wuraren wasanni na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya san yadda kwana na uku yake zuwa. Ranar farko an shiga Ferrari World da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi, an bi dogon layi don hawa Formula Rossa, jirgin lilon nan da ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Washegari an faɗa Warner Bros. World tun buɗe ƙofa har aka tashi. A rana ta uku ƙafa ta yi tsami, ƙannen da aka zo da su sun fara rigima a kan abin da bai kai ya kawo ba, waya tana ta nuna cewa ma'adana ta cika, batir kuma ba ya kaiwa la'asar. Duk da haka sai a sake ɗaura takalmi a fita, don an riga an biya kuɗi.

A nan kuskuren yake. Tafiya irin wannan tana buƙatar ranar hutu guda bayan kowane kwana biyu na wasanni, kuma tun daga gida ya kamata a saka ta cikin tsari. Sai dai ga matashin yau, zaman otal kaɗai ba ya zama hutu, domin wayar da ke hannunsa tana iya cinye ranar gaba ɗaya ba tare da ya ankara ba. Dabarar ita ce a ware wa waya awa ɗaya ko biyu da safe, a yi mata duk gyaran da take buƙata, daga nan a ajiye ta a ba jiki haƙƙinsa.

Hujjar masu cewa asara ce

Masu ƙin ranar hutu suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ya taso daga Kano ko Yamai ya biya kuɗin biza, ya biya jirgi, ya biya otal. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan dirhami 3.67 a kowace dala, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin kwana ɗaya a Dubai sai ya ƙara nauyi. Mutum ya yi wata da watanni yana tari, sannan a ce masa ya kwashe yini guda bai hau komai ba? Ga kuma wuraren da yawa. A tsibirin Yas kaɗai akwai Ferrari World da aka buɗe a 2010, da Yas Waterworld, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023. A Dubai akwai Motiongate da Legoland da IMG Worlds of Adventure, waɗanda duk a 2016 aka buɗe su. Mai mako ɗaya zai ga kamar kowace rana tana da mai ita.

Amma lissafin yana da ɓaraka. Abin da aka saya da kuɗin tikiti shi ne nishaɗi, kuma gajiyayye ba ya jin daɗin komai. Wanda ya shiga wurin wasa a rana ta huɗu a jere yakan ƙare ne a kan benci, yana latsa waya yana jiran sauran su gama. Tikitin ya ƙone, hutun ma bai samu ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wanda ke shakka ya buɗe manhajar lafiya da ke cikin wayarsa, Health a iPhone ko Samsung Health a wayoyin Samsung, ya duba yawan takun da ya yi a ranar wasanni, ya gwada da na ranakun da yake gida. Bambancin kaɗai ya isa amsa.

Su kansu masu wuraren sun san haka. Tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku a tsibirin Yas ba ya tilasta a shiga kullum a jere, yana ba da tazarar kwanaki daga ranar da aka fara amfani da shi. Abin da ake buƙata kawai shi ne a karanta sharuɗɗan tikitin kafin a biya, a san ranar da zai daina aiki.

Wace rana ta fi dacewa

Tun farkon 2022 ƙasar ta mayar da hutun ƙarshen mako zuwa Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin rana ce a ofisoshin gwamnati. Ke nan Asabar da Lahadi ne mazauna ƙasar ke fitowa da iyalansu, layi ya yi tsawo. Mai dabara sai ya ɗora ranar hutunsa a kan ɗaya daga cikin ranakun nan biyu, ya bar wasanni zuwa Litinin ko Talata. Juma'a ma ta dace, don mutum ya samu sallar Juma'a cikin natsuwa, ba tare da yana duba agogo saboda layin lilo ba. Wanda ya sauka a Dubai amma yake zuwa Yas ya tuna cewa tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, zuwa da dawowa awa biyu, ita ma gajiya ce ta daban.

Awar waya: ma'adana da hotuna

Aikin farko na safiyar hutu shi ne tsare hotuna. Hotunan tafiya ne kaɗai abin da ba a iya sake saye idan waya ta faɗa ruwa ko ta zame daga aljihu a kan lilo. Kuma bidiyo yana cin wuri fiye da yadda mutane ke zato. A iPhone, minti ɗaya na bidiyon 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kusan 400MB, wato minti goma ya kai 4GB. Minti ɗaya na 1080p mai hoto 30 kuwa kusan 60MB ne. Ga abin da a ƙarshe WhatsApp ko TikTok za a ɗora shi, 1080p ya wadatar, kuma ranar hutu ce lokacin shiga saitin kyamara a rage.

Bayan haka sai a hau Wi-Fi na otal a tura hotunan zuwa ma'adanar intanet. Google yana ba kowane asusu 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi, kuma tun 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ma a ciki ake lissafa ta. Apple kuwa 5GB kawai yake bayarwa a iCloud. Da wuya waɗannan su ɗauki tafiyar mako guda, saboda haka ko dai a biya kuɗin ƙarin wuri na wata ɗaya, ko a kwafe zuwa filashi mai bakin USB-C ko kwamfuta.

Akwai tarkon da ya sa mutane da yawa kuka. Idan an kunna iCloud Photos, goge hoto a waya yana goge shi a ma'adanar ma, domin tsarin madubi ne, abin da ya faru a nan shi ke faruwa a can. Haka idan aka goge hoto daga cikin manhajar Google Photos. Mai son samun wuri a waya ba tare da ya rasa hotonsa ba ya nemi zaɓin 'yantar da wuri da ke cikin Google Photos, wanda ke cire kwafin waya kawai bayan ya tabbatar an ajiye. Wanda ya riga ya yi kuskure a iPhone yana da kwana 30 ya dawo da hoton daga jakar waɗanda aka goge kwanan nan.

Wajen raba hotuna tsakanin abokan tafiya, WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Tunda kowa yana ɗaki ɗaya, AirDrop tsakanin masu iPhone ko Quick Share tsakanin masu Android sun fi sauri, kuma ba sa cin data.

Batir, zafi da ruwa

Zafin Dubai a watannin Yuni zuwa Satumba yana wuce digiri 40, alhali Apple ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Wayar da ta yini a rana tana ɗaukar bidiyo, haskenta a ƙure, GPS a kunne, ga fawa bank a maƙale, ta sha wuya. Zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batirin lithiyam, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. A ranar hutu sai a cire rigar wayar, a yi mata caji a ɗaki mai sanyi, ba a ƙarƙashin matashin kai ba, kuma ba ana caji ana kallon bidiyo ba. A shiga saitin batir a ga manhajar da ta fi zuƙe shi jiya, a hana ta aiki a ɓoye. Mutanen Nijeriya sun huta da neman adafta, domin soket ɗin ƙasar mai ƙafa uku ne irin na gida. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi da suka saba da mai ƙafa biyu su ne ke buƙatarsa.

Wanda ya je Yas Waterworld ko wani wurin wasan ruwa kada alamar IP68 ta ruɗe shi. Da ruwa mai tsafta ake yin gwajin a ɗakin bincike, ba da ruwan wanka mai sinadarin kulorin ko ruwan teku ba, kuma kariyar tana raguwa yayin da waya ke tsufa. Garantin kamfani ma ba ya ɗaukar lalacewar ruwa. Idan waya ta nuna akwai danshi a ramin caji, a bar ta ta bushe a wuri mai iska. Kada a cusa ta cikin shinkafa, Apple da kansa ya yi gargaɗi a kan haka, domin ɓurɓushin shinkafar na iya shiga ciki.

Ranar ce kuma ta duba fawa bank saboda komawa gida. Ƙa'idar jiragen sama ita ce a riƙe shi a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna ba, kuma kada ya wuce 100Wh, wato kusan 27,000mAh, sai da izini. Kamfanin Emirates ya ƙara tsaurarawa daga watan Oktoban 2025: fawa bank ɗaya ga kowane fasinja, kuma ba a amfani da shi a cikin jirgi. Wanda ke shirin sayo uku tsaraba gara ya san wannan tun kafin ya biya.

Kafin a ɗora, a duba

Wannan ɓangaren ya fi duk sauran muhimmanci, domin ba batir ko data ake magana ba, 'yancin mutum ne. Dokar laifukan intanet ta ƙasar, mai lamba 34 ta shekarar 2021, ta ɗauki ɗaukar hoton mutane ko yaɗa shi ba da yardarsu ba a matsayin keta sirri. Hukuncin na iya kaiwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Abin da matashi ya saba yi a gida, ya ga wani ya yi abin dariya ya ɗauka ya watsa, a can laifi ne.

A tsakiyar hayaniyar wurin wasa babu mai natsuwar duba wanda ya fito a bayansa. Shi ya sa ya fi kyau a bar ɗora bidiyo sai ranar hutu, a zauna a kalli kowanne, a yanke inda fuskar wata mata ko yaran wasu suka fito fili. A kuma kiyaye ɗora hoton tikitin jirgi ko na wurin wasa, domin lambar da ke jikinsu tana ɗauke da bayanai, kuma wanda ya kwafi lambar QR ta tikitin da ba a yi amfani da shi ba zai iya riga mai shi shiga. Jinkirin yana da wani amfanin: wanda ke ɗora inda yake a daidai lokacin yana sanar da duniya cewa gidansa babu kowa. Masu harkar ɗora bidiyo da ke tsoron kada shafinsu ya yi sanyi ba su da abin damuwa. Instagram da TikTok duk suna ba da damar ajiye abu ba tare da an sake shi ba, saboda haka zama ɗaya ya isa a shirya na kwana uku.

Sauran ƙananan ayyukan ba su wuce minti goma sha biyar ba. A tabbatar datar yawo ta layin gida a kashe take, amma layin yana kunne don saƙon lambar sirri daga banki. A sauke taswirar Dubai da Abu Dhabi a Google Maps don ta yi aiki ko babu intanet. A ɗauki hoton fuskar waya na tikitin gobe, saboda netwok na iya yin rauni a bakin ƙofa. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI a takarda, a kuma tabbatar manhajar nemo waya idan ta ɓata tana kunne. Kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp galibi ba ya tafiya a layukan ƙasar, amma akwai manhajojin da aka amince da su irin su Botim, sai a sa mutanen gida su sauke.

Daga nan a ajiye ta

Da an gama waɗannan, aikin waya ya ƙare. Abin da ke biyo baya shi ne ya fi wuya. Mutum ya kwanta da niyyar minti biyar a TikTok, kafin ya farga an kira azahar, ido ya yi ja, wuya ya ƙage, barcin da aka zauna dominsa bai samu ba. Ga kuma bambancin lokaci: Dubai tana gaban Nijeriya da Nijar da awa uku. Lokacin da hira ke yin daɗi a guruf ɗin abokai da ƙarfe goma na dare a Kano, ƙarfe ɗaya ne na dare a can. Wanda ya biye wa hirar, gobensa ta lalace.

Wayar da kanta tana da maganin wannan. Screen Time a iPhone da Digital Wellbeing a Android suna ba da damar sa wa kowace manhaja iyakar lokaci. A kashe sanarwa, a bar kiran mutum biyu ko uku kawai su shigo, a faɗa wa mutanen gida lokacin da za a kira su. Wanda ya san halinsa ya bar wayar a kan caji can nesa da gado. Barcin rana, wanka, wanki, shan ruwa da yawa, da cin abinci a zaune ba a tsaye a layi ba, su ne ainihin aikin ranar.

Fita mara gajiya

Hutu bai hana fita da yamma ba, in dai wuri ɗaya ne, ba mai layi ba, ba kuma mai tsada ba. Wanda ke Abu Dhabi yana da Babban Masallacin Sheikh Zayed, wanda aka buɗe a 2007, mai ƙubba 82. Shiga kyauta ne, masu ziyara suna yin rajista ta intanet, masu sallah kuma su shiga su yi sallarsu. Wanda ke Dubai ya je bakin mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai ya hau abra, kwale-kwalen katako da ke tsallakar da mutane a kan kuɗi kaɗan. A ɓangaren Bur Dubai akwai tsohuwar unguwar Al Fahidi mai lunguna da gidajen da aka gina da hasumiyar kama iska tun kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. A ɓangaren Deira akwai kasuwar zinare da ta kayan ƙamshi, da unguwar Naif inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka daɗe suna sauka. Wanda ya gaji da biredi da dankalin wuraren wasa, a can zai fi samun abincin da ya yi kama da na gida. Mai son sanyi da shiru kuma akwai ɗakin karatu na Mohammed bin Rashid a Al Jaddaf, wanda aka buɗe a 2022, shi ma kyauta ne. Jirgin Metro mara direba, da ke aiki tun 2009, yana kai mutum kusa da yawancin waɗannan da katin Nol.

Abin da ba hutu ba ne shi ne Dubai Mall. Wurin yana da shaguna sama da 1,200, kuma wanda ya shiga da sunan zagayawa zai fito da taku irin na ranar wasanni, aljihu kuma ya yi sauƙi. Mai son sayen waya ya yi bincikensa tun a ɗaki, ya nufi shago ɗaya kai tsaye. Ya kuma sani cewa iPhone 17 da ake sayarwa a hukumance a ƙasar ba ta da ramin sim, eSIM kawai take ɗauka, don haka ya tabbatar kamfanin layinsa na gida zai ba shi kafin ya biya. Ya tafi da fasfonsa, domin baƙo na iya neman a mayar masa da mafi yawan harajin kashi 5 cikin 100 idan sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, ya kammala a filin jirgi ranar tafiya.

Wuraren wasannin nan ƙaruwa suke yi. A watan Mayun 2025 kamfanin Disney ya sanar da cewa zai gina nasa a tsibirin Yas, saboda haka jarabar cika kowace rana da tikiti ba raguwa za ta yi ba. Matafiyin da ya bar rana guda babu tikiti zai shiga wurin wasa na gaba da ƙafa mai ƙarfi, da batir cike, da hotunan da ya san suna nan ko wayar ta faɗa ruwa. Wanda ya ƙi kuwa, jiki magayi.